Kyauta ko Karo-Karo: Wa Zai Biya Kuɗin Jinya a Bakura da Mafara da Maradun?

A ƙananan hukumomin Bakura da Talata Mafara da Maradun, waɗanda ke yammacin Jihar Zamfara, kuma ƙidayar 2006 ta ba su jama'a fiye da dubu 600 a haɗe, akwai babban asibitin gwamnatin jiha a kowace hedikwata, akwai kuma ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani a garuruwa irin su Rini da Damri da Faru da Janbako da Jangebe, amma duk da waɗannan gine-gine, abin da ke yanke hukuncin ko maras lafiya zai sami magani shi ne kuɗin da ke hannun iyalinsa a ranar da ciwo ya kayar da shi. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye, wato majinyaci ya biya kuɗin kati da na gwaji, ya sayi magani da allura har da safar hannu, a daidai lokacin da ba ya iya fita neman ko sisi. Masana tattalin arzikin lafiya ba su yi saɓani ba a kan cewa wannan ita ce mafi munin hanyar biyan jinya, domin nauyin yana sauka gaba ɗaya a kan gida guda a rana guda. Saɓaninsu yana kan abin da ya kamata ya maye gurbinta.

Masu ra'ayi na farko suna ganin gwamnati ce ya kamata ta ɗauki nauyin jinya daga baitulmali, wato daga haraji da kason da jiha ke karɓa daga asusun tarayya, ta yadda talaka zai shiga asibiti a duba shi a ba shi magani ba tare da an tambaye shi ko kwabo ba. Masu ra'ayi na biyu suna goyon bayan tsarin karo-karo, wanda ake kira inshorar lafiya, inda kowane magidanci zai riƙa zuba wani abu sananne a wata ko a shekara cikin asusu guda tun yana da lafiya, asusun kuma ya biya wa duk wanda ciwo ya kama daga cikin masu zubin. Dukkansu suna son a raba ranar biya da ranar ciwo, mai lafiya ya tallafi maras lafiya, mai hali ya tallafi maras hali. Inda suka rabu shi ne wanda za a nema ya zuba kuɗin da kuma wanda za a amince wa da riƙonsu.

Kowane ra'ayi aka ɗauka, a cikin tsari mai hawa uku zai yi aiki. Gwamnatin tarayya ce ke riƙe da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, gwamnatin jiha na riƙe da manyan asibitoci da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, kiwon lafiya a matakin farko kuwa, wato rigakafi da awon ciki da karɓar haihuwa da maganin cututtukan yau da kullum, an ɗora shi a kan ƙananan hukumomi tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992. Aiki mafi faɗi ke nan aka ba hawa mafi rauni, domin kuɗin ƙananan hukumomi shekara da shekaru suna bi ne ta asusun haɗin gwiwa da gwamna ke iko da shi. A 2011 aka amince da manufar tattara wannan aiki a ƙarƙashin hukuma guda ta jiha, sai kuma a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, abin da ya sake tayar da tambayar ko shugaban ƙaramar hukumar Bakura ne ke da alhakin malamin asibitin Dakko ko kuwa hukumar da ke Gusau.

Babbar hujjar masu neman kyauta ita ce halin rayuwar jama'ar da ake magana a kansu. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya sanya kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen Zamfara a ƙasa da mizanin talauci, bayan haka kuma aka cire tallafin man fetur a 2023, darajar naira ta faɗi, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi. Mafi yawan magidantan yankin manoma ne da makiyaya da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda kuɗinsu na kaka ne, alhali zazzaɓin cizon sauro da tamowa da amai da gudawa sun fi tsananta a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin da ya rage kuma ya tafi ga taki da ƙwadago. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, ta ba yankin noman shinkafa na rani, amma ruwan da ke kwance a magudanai da fadamu yana tsawaita zamanin sauro, yana kuma taimaka wa tsargiya. A kan wannan duka sai ga 'yan bindiga, waɗanda ke ƙaƙaba wa ƙauyuka haraji kafin shuka da kafin girbi, suna kore dabbobin da a da su ne ajiyar da ake sayarwa idan ciwo ya zo. Magidancin da ya sayar da shanun huɗarsa ya biya fansar ɗansa, a cewar wannan ɓangare, neman ya yi zubin inshora rashin sanin halin da yake ciki ne.

Suna ƙarawa da cewa kuɗi ko kaɗan ne yana hana talaka zuwa asibiti da wuri, jinkirin kuma shi ke mayar da ƙaramin ciwo babba. Yaron da ƙwayoyin kwana uku za su warkar da zazzaɓinsa, idan aka tsaya jiƙe-jiƙe da sayen rabin magani a kemis saboda tsoron kuɗin asibiti, sai a kai shi bayan mako guda yana suma, jininsa ya ƙare, yana buƙatar gado da ƙarin jini, kuɗin sun ninka sau da yawa, ran kuma babu tabbas. Haka yake ga mai doguwar naƙuda ko jijjiga, wadda ake ɓata sa'o'i ana neman rance kafin a nemi mota. Tarihi yana tare da su ta wannan fuska. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wanda ya yaɗa asusun magani mai juyawa, wato a ba asibiti jarin magani ya riƙa sayarwa da 'yar riba yana sake sayo wani. Shirin ya sa an sami magani a kan kanta a wurare da yawa, amma ya bar wanda ba shi da kuɗin saye a bakin ƙofa, tanadin yafe wa matalauta kuma bai cika aiki ba. Da Yuganda ta soke biyan kuɗi a asibitocin gwamnati a 2001, zuwan marasa lafiya ya ƙaru sosai, musamman daga cikin matalauta. A Zamfara ma ayyukan lafiya da suka fi isa lungu su ne waɗanda ba a biya, kamar allurar rigakafi da gidan sauro da maganin kariya daga zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar a watannin damina. Akwai kuma cututtukan da maganinsu amfanin gari ne baki ɗaya, irin sanƙarau da ya ɓarke daga Zamfara a ƙarshen 2016, ya kama mutane fiye da dubu 14 a faɗin ƙasa, ya kashe fiye da 1,100 kafin ya lafa a 2017, wanda babu mai hankalin da zai ce a tsaya duba katin zubi kafin a yi wa mai shi allura.

Masu goyon bayan karo-karo ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da suke shakka shi ne ko alkawarin kyauta yana zama magani a hannun majinyaci, domin idan majinyaci bai biya ba to wani ne zai biya, idan kuma wanin ya makara sai kanta ta bushe, malamin asibiti ya rubuta takarda ya ce a je kemis a sayo. Misalin da suka fi kafa hujja da shi na maƙwabta ne. Tsakanin 2005 da 2006 Jamhuriyar Nijar ta ayyana jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tare da awon ciki da tiyatar haihuwa, bisa tsarin cewa asibiti zai yi aiki ya aika wa gwamnati lissafi ta biya shi. Zuwan yara asibiti ya ƙaru ƙwarai, amma biyan ya riƙa makara har bashin da asibitoci ke bin gwamnati ya kai biliyoyin sefa, wasunsu suka kasa sayen magani. A gida kuwa, a Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma kasafin tarayya ya daɗe yana kai-kawo tsakanin kashi 4 da 6, kuma abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban. Zamfara na cikin jihohin da kuɗin shigarsu na cikin gida bai taka kara ya karya ba, da kason Abuja take rayuwa, ga kuma matsalar tsaro da ke lashe rabo mai tsoka.

Akwai wata hujja da ta shafi wannan yanki musamman, wadda ke da wuyar kaucewa. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24 'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku ne suka mulki Zamfara: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Kowannensu ya yi gine-gine da shirye-shirye da sunan lafiya, amma duk da haka a Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin saboda lalacewar da ya ce ya tarar. Da kyakkyawar niyyar mai mulki da kusancinsa da jama'a sun isa su tsayar da jinya kyauta mai ɗorewa, da babu inda ya kamata a gan ta kamar nan, shi ya sa masu karo-karo ke cewa shirin da ya dogara da alherin gwamna yakan tafi tare da gwamnan. Haka suke kallon agajin waje. Ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, wadda ta yi jinyar yaran da gubar dalma ta kama a Anka da Bukkuyum bayan gubar ta kashe aƙalla yara 400 a 2010, kuma take kula da masu tamowa kyauta a Talata Mafara, ta ceci rayuka masu yawa, amma ba a gina lafiyar jiha a kan kuɗin da ake yanke shawararsu a wata ƙasa. Da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025, sai da majalisar tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafi domin rage giɓin.

Abin da suke bayarwa a madadin haka ya riga ya zama doka. Nijeriya ta yi dokar inshorar lafiya a 1999, ta fara aiki da ita a 2005 da ma'aikatan tarayya, sannan a Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta wajabta inshorar a kan kowa, tare da barin jihohi su gudanar da ita ta hukumominsu, irin ZAMCHEMA a Zamfara. A wannan tsari kuɗin suna zaune a asusun da doka ta killace, ƙaramin asibiti yana karɓar adadi sananne kowane wata a kan kowane mutumin da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba, don haka yana iya tanadin magani tun kafin damina, idan kuma aka tura majinyaci babban asibiti don tiyata sai asusun ya biya bisa farashin da aka yi yarjejeniya a kai. Mai kati kuma mai haƙƙi ne, yana iya kai ƙara, saɓanin wanda aka yi wa alfarma, wanda godiya kawai ake jira daga gare shi. Damuwar addini da ta daɗe tana sa mutane ƙyamar inshora, saboda garari, wato rashin sanin abin da aka saya, da kuma kamanninta da caca, ta sami amsa tun 1985, lokacin da Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta taimakekeniya, wadda aka gina a kan sadaukarwa ba neman riba ba, ta halatta.

Sai dai a wajen tara zubin ne wannan ra'ayi ya fi rauni. Akan kwatanta shi da adashi don jawo hankalin jama'a, amma a adashi kowane mai zubi yana da ranar kwasarsa, a asusun lafiya kuwa wanda Allah ya ba lafiya shekara guda ba ya kwasar komai, kuma ba kowa ne ke sake zubi a shekara ta biyu ba. Idan shiga ta ganin dama ce, waɗanda suka san suna da buƙata, kamar mai ciki da mai ciwon suga da mai hawan jini, su ne ke rububin shiga, majiya ƙarfi su noƙe, asusun ya cika da masu ɗiba ya rasa masu zubi. Idan kuma ta dole ce, kamar yadda dokar 2022 ta tanada, to tilastawa tana yiwuwa ne kawai inda akwai albashin da za a yanka daga tushe. Ana iya yankar na malamin firamare da na ma'aikacin sakatariya da na malamin Kwalejin Abdu Gusau, amma manomin Birnin Tudu ba shi da takardar albashi, kuɗin bin sa gida a karɓa kuma yana iya cinye abin da za a karɓo. Girman iyali ma matsala ce, domin tsarin ma'aikatan tarayya ya ƙunshi ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, alhali gida mai mata biyu ko uku da 'ya'ya goma sha ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zamfara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kusan kashi 3 cikin 100 kacal na manya ke da wata inshorar lafiya, shekara 13 bayan fara shirin. Ƙasashen da ake yawan ambaton nasararsu kuwa, idan aka duba littafin kuɗinsu, ba zubin talakawa ne ya ɗauke su ba. Asusun da Gana ta kafa da dokar 2003 mafi yawan kuɗinsa daga harajin kashi 2.5 da aka ɗora a kan kayayyaki suke fitowa, an kuma yafe zubi ga yara da tsofaffi da masu ciki, a Ruwanda ma gwamnati ce ke biya wa mafi talauci, ga hukuma mai ƙarfin da take iya bin kowane gida.

Amsar masu karo-karo ita ce a daidaita zubi da kaka, a kuma karɓa ta hannun ƙungiyoyin da ke akwai, kamar ƙungiyoyin masu amfani da ruwan Bakolori, waɗanda suka saba tara kuɗin ruwa daga manoma, da na 'yan kasuwar Talata Mafara da na direbobi. Shawara ce mai ma'ana da ta cancanci gwaji, amma waɗanda take kamawa su ne masu ɗan dama-dama, irin mai gona a cikin aikin Bakolori da ke girbi sau biyu a shekara. Matar da aka kashe mijinta, aka kore ta daga ƙauyensu, take zaune da 'ya'yanta a kangon wani a cikin gari, ba ta cikin kowace ƙungiya.

Akwai kuma hanyar da dokar ƙasa ta riga ta shata, wadda ba a cika ambatonta a wannan muhawara ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko, ta wajabta a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, rabi don saya wa jama'a jinya ta hannun hukumar inshora, kashi 45 don magani da gyaran gini da kayan aiki da ma'aikata, kashi 5 don jinyar gaggawa. Kuɗin gwamnati ne, amma hanyar inshora suke bi: hukumar jiha ta yi wa matalauci rajista, asusun ya biya masa zubi, wani kaso kuma ya faɗa kai tsaye a asusun banki na asibiti guda a kowace mazaɓa, wanda shugaban asibitin da shugaban kwamitin raya mazaɓa ke sa hannu tare kafin a cire. Zamfara na da mazaɓu 147, kuma 31 daga cikinsu suna waɗannan ƙananan hukumomi uku. Aibin asusun shi ne ƙanƙanta. Sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi, naira biliyan 55.1, wanda idan aka raba wa 'yan ƙasa bai kai naira 300 ga mutum a shekara ba, kuma shekaru da dama abin da asibitin mazaɓa ya riƙa samu kimanin naira dubu 300 ne a wata uku. Da yake gurabun rajista sun yi wa mabukata kaɗan, zaɓen wanda zai shiga yakan zama ƙofar son kai da siyasa.

Wasu suna hangen zakka ta cike giɓin, ganin cewa Zamfara, wadda ta fara faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, tana da Hukumar Zakka da Waƙafi. Faƙirai da miskinai su ne farkon mutum takwas da Suratut Tauba ta ambata, biyan jinyarsu kuma taimako ne bayyananne, amma malamai da yawa suna sharɗanta a mallaka wa mabukaci zakkar a hannunsa, abin da ke sa zuba ta a asusun gama-gari ya buƙaci fatawa, ga shi kuma zakkar hatsi da ta dabbobi tana raguwa a shekarar da aka fi buƙatarta. Waƙafi ya fi dacewa da abu mai ɗorewa kamar rijiyar asibiti ko motar ɗaukar majinyata. Dukkansu tallafi ne, ba za su ɗauki nauyin jama'a dubu ɗaruruwa ba.

Abin da ɓangarorin biyu suka fi sakaci da shi shi ne cewa kuɗi ba ya karɓar haihuwa. Ko kyauta ko kati, ba su da amfani ga mai naƙuda da tsakar dare idan asibitin mazaɓarta yana rufe da la'asar, ba ungozoma mai horo, ba wuta, ba ruwa. Likitoci da nas-nas sun fi taruwa a Gusau, wasu suna barin jihar ko ƙasar baki ɗaya, wanda aka tura ƙauye kuma yana da dalilin jin tsoro, domin a yankin nan ne aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, aka sace ɗalibai da ma'aikata a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a Agustan shekarar, harin da aka kai Damri a Mayun 2022 kuma bai bar har marasa lafiya da ke asibiti ba. Don haka duk lissafin kuɗin lafiya da bai haɗa da alawus na zaman karkara da gidan ma'aikata da horar da 'yan matan yankin aikin ungozoma ba, lissafi ne da ya bar mafi tsadar kaya a waje. Haka batun mota, wanda aka taɓa samun sauƙinsa a Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe ta wani shiri mai tallafin Birtaniya, inda direbobin ƙungiyar NURTW ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti ba tare da tsawwala kuɗi ba. Tiyatar haihuwa kyauta ga matalauta, wadda ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar a Nuwamban 2024, tana amfanar wadda ta isa asibitin ne kawai.

Idan aka ɗora hujjojin a kan sikeli, na masu neman kyauta sun fi nauyi a kan babbar tambaya. A yankin da kusan mutum uku cikin huɗu matalauta ne, masu albashi kuma 'yan tsiraru, babu dabarar zubi da za ta tara abin da zai isa, kuma jiran sai manoma sun shiga inshora kafin a kula da 'ya'yansu jinkiri ne da ake biya da rayuka. Daga baitulmali kuɗin za su fito. Amma gargaɗin masu karo-karo gaskiya ne, kuma abin da ya faru a Nijar ya isa shaida cewa kyautar da aka shelanta a filin taro ba tare da asusu ba tana kashe asibiti. Abin da ya fi dacewa shi ne jiha da ƙananan hukumomi su riƙa biya wa masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da 'yan gudun hijira zubi ta hannun hukumar jiha, kuɗin su isa asusun asibiti tun kafin aiki, a kuma rubuta ayyukan da aka ɗauki nauyinsu a fili, ko da kaɗan ne: awon ciki, haihuwa, tiyata, ƙarin jini, zazzaɓi, gudawa, ciwon haƙarƙari da tamowa. Wannan yana nufin za a bar wasu cututtuka masu tsada, kamar wankin ƙoda da ciwon daji, a waje na wani lokaci, zaɓi ne mai ɗaci, amma ya fi a yi alkawarin komai a kasa cika ko ɗaya. Ma'aikata masu albashi da 'yan kasuwa masu hali su ci gaba da zubinsu, a cikin asusu ɗaya da na talakawa, domin raba asusun mai hali da na maras hali yana rushe dalilin tara kuɗin tun farko.

Kano ta nuna cewa ana iya killace irin waɗannan kuɗi da doka, domin asusun amana na lafiya da ta kafa a 2017 an ware masa kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar jiha da kashi 1 na kason ƙananan hukumomi. Bakura da Maradun da Talata Mafara suna da kujeru biyar cikin 24 a Majalisar Dokokin Zamfara. Kira a nan ga waɗannan wakilai biyar da shugabannin ƙananan hukumomin uku shi ne su kawo dokar da za ta yanke kason lafiya daga tushe kowane wata kafin a taɓa sauran kuɗin, ta kuma wajabta wa kowane asibitin mazaɓa ya liƙa a bangonsa abin da ya karɓa da abin da ya kashe, yadda hakimi da liman da kwamitin mazaɓa za su iya karantawa su yi tambaya.